Motocin agaji masu shan gazuwal: abin da dogon ralanti ke yi wa na'urorin tace hayaƙi

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar babban asibiti a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya saba ganin ambilans a tsaye, direba na waje, inji kuma na ta aiki. Haka abin yake ga motocin ƴan kwana-kwana a wurin gobara ko a bakin babban taro. Wannan aikin da inji ke yi mota na tsaye, ba a taka mata wuta ba, shi direbobi ke kira ralanti, wasu kuma su ce silo. A tsofaffin motocin gazuwal, hasarar ralanti ba ta wuce ɓarnar mai da tara dauɗa a inji ba. A motocin da aka ƙera daga wajajen shekara ta 2007 zuwa yau, abin ya fi haka, domin akwai na'urorin tace hayaƙi da ba sa aiki sai da zafi mai yawa, shi kuwa ralanti ba ya kawo wannan zafin. Ƙarshen abin, motar da aka tanada domin ceton rai tana iya rage wa kanta gudu a kan hanya, da marar lafiya a ciki.

Me ya sa ba a kashe injin motar agaji?

Ba sakaci ba ne kawai. Ambilans na ɗauke da kayan da ke cin wuta: fitilun ciki, fitilu masu walƙiya, jiniya, rediyon sadarwa, na'urar zuƙe majina, na'urar auna bugun zuciya, wani lokaci har da ƙaramin firij na magani. Idan aka kashe inji, batir ne zai ɗauki nauyin duka, kuma direba na tsoron kada ya zo tada mota ta ƙi tashi. Sannan ga zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yawancin garuruwan Nijar, bayan ambilans da aka rufe ba kilim yakan zama kamar tanda cikin ƴan mintoci. Motar ƴan kwana-kwana kuwa, famfon da ke tura ruwa daga injin motar yake samun ƙarfi, don haka muddin ana kashe wuta, inji ba zai tsaya ba.

Saboda haka motar agaji takan yi gajeriyar tafiya da gudu, sannan ta yi doguwar tsayuwa inji na kunne. Wannan tsarin aiki shi ne akasin abin da na'urorin tace hayaƙi ke so. An tsara su ne da tunanin kamiyon da ke ɗauke da kaya yana cin doguwar hanya.

Abin da ke cikin hayaƙin gazuwal

Injin gazuwal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya ƙera na farko mai aiki a 1897, ba ya amfani da buji kamar injin esansi. Yana matse iska har ta yi zafi, sai a fesa mata mai ya kama da kansa. Wannan ya sa yake da ƙarfin ja da tattalin mai, amma yana fitar da abubuwa biyu masu cutarwa fiye da injin esansi. Na farko kunkunniya, wato baƙin garin da ke fita da hayaƙi, wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai har suna shiga can cikin huhu. Na biyu iskar da ake kira NOx, haɗin azot da oksijen da ke samuwa idan wutar cikin inji ta yi zafi sosai, wadda ke tada asma da sauran cututtukan numfashi. Bayan su akwai iskar karbon monoksid da ragowar man da bai ƙone ba.

A watan Yunin 2012, cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta sanya hayaƙin gazuwal cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, musamman ta huhu. Tun kafin nan ƙasashen da ke ƙera motoci suka fara tsaurara doka. A Amurka, ƙa'idar 2007 ta sa manyan motoci ɗaukar matatar kunkunniya, ta 2010 kuma ta kawo na'urar rage NOx. A Turai, ƙa'idar Euro 5 ta 2009 ta sa matatar ta zama dole a ƙananan motocin gazuwal, sannan Euro 6 ta biyo baya a 2014, tare da takwararta ta manyan motoci da ta fara aiki daga 2013.

Na'urori huɗu da ke tsakanin inji da bakin salansa

Ta farko ita ce EGR. Wani bawul ne da ke maido da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, bayan an sanyaya shi, domin a rage zafin wutar ciki, NOx ta ragu. Tun da hayaƙi ne mai ɗauke da kunkunniya yake bi ta cikinsa, bawul ɗin na saurin yin dauɗa.

Ta biyu ita ce katalizar, tukunyar da aka shafe cikinta da ƙarafa masu tsada irin su filatin da faladiyom. Aikinta ƙone ragowar mai da karbon monoksid, da kuma samar da zafin da matata ke buƙata. Ba ta fara aiki sosai sai hayaƙi ya kai wajen digiri 200 zuwa 250.

Ta uku ita ce matatar kunkunniya, wadda a takardun Faransanci ake rubuta ta FAP, a na Ingilishi kuma DPF. Tangaran ne mai ramuka kamar saƙar zuma, an toshe bakin rami ɗaya an bar na kusa da shi, ta yadda dole hayaƙi ya ratsa ta bango, kunkunniya ta maƙale. Matata mai lafiya na kama fiye da kashi 90 cikin 100 na kunkunniyar. Kamfanin Peugeot ya sanya ta a motar hawa ta kasuwa, samfurin 607, a shekara ta 2000.

Ta huɗu ita ce SCR. Ana fesa wani ruwa cikin bututun hayaƙi, wanda a Turai ake sayar da shi da sunan AdBlue, a Amurka kuma ake ce masa DEF. Kashi 32,5 cikin 100 na ruwan ure ne mai tsabta, sauran kuma tataccen ruwa. Zafi na mayar da shi amoniya, ita kuma ta haɗu da NOx su koma azot da tururin ruwa, abubuwan da ba sa cutarwa. Kamiyo yakan sha kimanin lita 3 zuwa 5 na AdBlue a kan kowace lita 100 ta gazuwal. Kwamfutar mota ba ta fara fesa shi sai hayaƙi ya kusanci digiri 200.

Matsalar duka ta zafi ce

Matata ba ta da wurin zubar da abin da ta kama, sai dai ta ƙone shi. Wannan ƙonawa ita makanikai ke kira rejenerasiyo, kuma iri uku ce. Akwai wadda ke faruwa da kanta, a hankali, idan mota na tafiya da kaya a doguwar hanya, hayaƙi na tsakanin digiri 250 da 400. Akwai wadda kwamfuta ke tadawa idan ta ga matata ta fara cika: sai ta ƙara fesa mai domin ya ƙone a katalizar, zafi ya hau wajen digiri 600, kunkunniya ta cinye. A ƙaramar mota wannan kan ɗauki minti 10 zuwa 25, kuma yana son a ci gaba da tafiya ba tsayawa. Ta uku ita ce wadda ake yi mota na tsaye, direba ya danna maɓalli ko makaniki ya tada ta da na'urar bincike da suke kira valiz. A manyan motoci takan ɗauki minti 20 zuwa 40, wani lokaci fiye.

To a ralanti, inji na juyawa sau 600 zuwa 800 a minti, mai kaɗan yake sha, iska mai yawa kuma na ratsa shi. Hayaƙin da ke fita yakan tsaya wajen digiri 100 zuwa 150. Wato bai kai zafin da katalizar ke farkawa ba, bai kai na fesa AdBlue ba, balle na ƙone kunkunniya. Inji na samar da dauɗa, na'urorin da za su kawar da ita kuma na barci. Zafin rana na Sahel ba ya canja wannan lissafi, domin bambancin digiri 20 ko 25 na iskar waje ba kome ba ne a gaban digiri ɗaruruwa da ake nema.

Abin da ke lalacewa, ɗaya bayan ɗaya

Matata ce ke fara nuna alama. Kunkunniya na taruwa ba ta ƙonewa, hayaƙi na samun wahalar fita, inji na shaƙewa. Kwamfuta za ta yi ta neman damar tada ƙonawa, amma idan tafiyar daga gareji zuwa asibiti minti bakwai ce, kafin zafi ya hau an iso an tsaya. Ƙonawar da aka katse ba ta gama aikinta ba, gobe kuma a sake. Idan kunkunniya ta wuce ƙima, kwamfuta ma takan hana ƙonawar gaba ɗaya, saboda tarin da ya yi yawa idan ya kama wuta yana iya haura digiri 1000, ya tsaga tangaran ɗin ko ya narkar da shi. A nan sai an cire matatar an wanke ta da na'ura, ko a sayi sabuwa.

Katalizar kuma fuskarta ce ke toshewa. Ragowar mai da bai ƙone ba yana haɗuwa da kunkunniya ya zama wani baƙin danƙo a bakin ramukanta. Sannan tana tsotse ɗanyen mai a lokacin tsayuwa. Da zarar an taka wuta bayan awoyi a tsaye, wannan man yakan fita a matsayin farin hayaƙi mai wari, ko ya kama gaba ɗaya ya kawo zafin da ke tsufar da na'urar kafin lokacinta.

A ɓangaren SCR, illa biyu ce. Muddin hayaƙi bai yi zafi ba, ba a fesa AdBlue, don haka NOx na fita kusan yadda take, a daidai ƙofar ɗakin gaggawa inda marasa lafiya da masu jinya ke zaune. Idan kuma zafin na kan iyaka, ruwan da aka fesa ba ya narkewa duka, sai ya daskare ya zama farin dutse kamar kanwa a bakin injektarsa da cikin bututu. Wannan farin tarin na toshe hanya, ya sa na'urorin auna NOx ba da rahoton kuskure.

Bawul ɗin EGR da tukunyar sanyaya hayaƙinsa sukan cika da danƙo har bawul ya maƙale a buɗe ko a rufe. Idan ya maƙale a buɗe, mota na rasa ƙarfi tana ƙara yin kunkunniya, abin da ke ƙara wa matata nauyi. Turbo mai fikafikai masu motsi, irin wanda ke yawancin injinan zamani, shi ma fikafikansa kan ƙame da dauɗa.

Sai baƙin mai. A yawancin ƙananan motoci, ƙarin gazuwal ɗin da ake fesawa domin ƙona kunkunniya cikin silinda ake fesa shi, wani ɓangare kuma na zurarewa ta gefen fistan ya gauraya da baƙin mai. Yawan ƙonawar da ake katsewa na nufin yawan gazuwal a cikin baƙin mai. Alamarsa ita ce ka ja sandar awo ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, yana kuma warin gazuwal. Man da ya tsinke haka ba ya kare ƙarafan inji, idan kuma ya yi yawa sosai inji na iya zuƙarsa ya yi ta gudu da kansa ko an cire makulli.

Lokacin da mota ta rage wa kanta ƙarfi

Dokokin Turai da Amurka sun tilasta wa masu ƙera motoci su sa mota ta matsa wa direba ya yi gyara. A manyan motocin Euro 6, idan AdBlue ya ƙare ko na'urar ta samu matsala aka ƙi kulawa, da farko ƙarfin inji na raguwa da kashi 25 cikin 100, daga baya gudu ya tsaya a kilomita 20 a awa. A Amurka, a da, matakin ƙarshe yakan sauko da gudu zuwa mil 5, wato kilomita 8 a awa. A ƙananan motoci irin waɗanda ake mayarwa ambilans, tablo na nuna kilomitocin da suka rage, idan sun ƙare kuma aka kashe mota ba za ta sake tashi ba. Matatar da ta toshe ita ma tana sa kwamfuta rage ƙarfi domin kare inji.

Ga kamiyon kaya, wannan jinkiri ne da hasarar kuɗi. Ga motar kashe gobara ko ambilans, rai ne. Bayan koke-koken ƙungiyoyin ƴan kwana-kwana, hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da wata ƙa'ida a watan Yunin 2012 da ta ba masu ƙera injina damar sanya tsari na musamman a ambilans da motocin kashe gobara, domin kada ƙarfinsu ya ragu a tsakiyar aiki saboda na'urorin hayaƙi. Dokar Turai ta manyan motoci ita ma ta yarda a kashe wannan tsarin rage gudu a motocin ceto, na kashe gobara da na sojoji. Sai dai wannan sassauci bai hana matata toshewa ba. Abin da ya yi shi ne ba mota damar kammala aikin da ta fita yi. Kuma motar kaya ta yau da kullum da aka mayar ambilans daga baya, sau da yawa ba ta da wannan tsari.

Kilomita ba ya faɗin gaskiyar wahalar inji

Yawancin masu kula da motoci da kilomita suke lissafin lokacin canjin baƙin mai. A motar agaji wannan lissafi na yaudara, domin awoyin tsayuwa ba sa hawa kan agogon kilomita. Kamfanin Ford, a littattafan motocinsa na gazuwal, yana ɗaukar awa ɗaya ta ralanti daidai da tafiyar mil 25, wato kilomita 40. Da wannan ma'auni, ambilans da ke yin awa 3 a tsaye kowace rana ta ƙara wa injinta wahalar kilomita 120 a yini, kimanin 3.600 a wata, ba tare da agogo ya nuna ko ɗaya ba. Ta fannin mai, babban kamiyo na shan wajen lita 3 a kowace awa ta ralanti, ƙaramar mota kuma ƙasa da haka, amma kilim na ƙara shan. Shi ya sa masu ƙera injina ke sanya motocin agaji cikin rukunin aiki mai tsanani, inda ake bin awoyin inji, ba kilomita kaɗai ba.

Yadda abin ya shafi Nijar

Motocin agajin da ke aiki a ƙasar nan iri biyu ne. Akwai irin su Toyota Land Cruiser 78 mai injin 1HZ, lita 4,2 da silinda shida, wadda ita ce ambilans ɗin da aka fi gani tsakanin CSI na karkara da asibitocin gundumomi. Wannan inji, da aka fara ƙerawa a 1990, ba shi da matatar kunkunniya, ba ya shan AdBlue. Dogon ralanti ba zai sa ya rage wa kansa gudu ba, amma yana tara masa gawayi a bakin injekta da zoben fistan, ya tsinka baƙin mai, hayaƙinsa kuma na fita ba tacewa.

Iri na biyu su ne motocin da aka ƙera domin kasuwar Turai ko Amurka, irin su Renault Master, Mercedes Sprinter da manyan motocin kashe gobara, waɗanda ke shigowa ta hanyar kyauta, ƙawancen birane, ko saye na hannu. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo. Yayin da shekaru ke tafiya, motocin hannu da ke isowa na ƙara zama na zamanin Euro 5 da Euro 6, da dukkan na'urorin da aka ambata. A kansu ne abubuwa huɗu na nan gida ke ƙara tsananta illar ralanti.

Na farko farar wuta da ke cikin gazuwal. Waɗannan na'urori an yi su ne domin man da farar wutarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba a Turai, ko 15 a Amurka. Farar wuta mai yawa na lulluɓe ƙarafan katalizar ta kashe musu kaifi, tana kuma ƙara abin da matata ke tarawa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta auna man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ta samu gazuwal a Mali mai kashi 3.780 cikin miliyan, wato ninki 378 na iyakar Turai. A 2020 ƙungiyar CEDEAO, lokacin Nijar na cikinta, ta amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan ga man da ake shigowa da shi. Nijar na da matatar SORAZ ta Damagaram, da ta fara aiki a watan Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20.000 a rana, kamfanin SONIDEP kuma ke rarraba man. Duk ma'aikatar da za ta karɓi mota mai FAP ya kamata ta nemi takardar ingancin man da za ta riƙa sha, ta kuma hana zuba mata na jarka da ba a san asalinsa ba.

Na biyu ƙura. A lokacin hunturu da buji, filtar iska na saurin toshewa. Injin da bai samu isasshiyar iska ba yana ƙara yin kunkunniya. Ƙurar da ta kuɓuce ta shiga kuma ba ta ƙonewa, a matata take zama.

Na uku baƙin mai. Kunkunniya na ƙonewa, amma tokar da ke fitowa daga sinadaran baƙin mai ba ta ƙonewa, tana taruwa a ƙarshen ramukan matata har abada sai an wanke. Mota mai FAP na buƙatar mai mai ƙarancin toka: alamar ACEA C, kamar C3 ko C4, a ƙananan motocin Turai, E6 ko E9 a manya, ko API CJ-4 da CK-4 a na Amurka. Man da ya dace da tsohon kamiyo na iya cika matata cikin ƙanƙanin lokaci.

Na huɗu zafin ajiya. AdBlue na lalacewa da zafi. Bisa ƙa'idar ISO 22241, yana kai wata 18 idan wurin ajiya bai wuce digiri 25 ba, wata 12 a digiri 30, wata 6 kacal a digiri 35. Jarkar da aka bari a rana ko a ɗakin kwano ba za ta daɗe ba. Haɗa takin ure na gona da ruwan famfo a zuba ba mafita ba ce, domin gishirin da ke ciki na kashe na'urar SCR.

Alamomin da direba zai lura da su

Fitila mai ruwan ɗorawa a tablo, mai hoton akwati da ɗige-ɗige, na nufin matata ta fara cika. Idan ta fara ƙyaftawa, ko fitilar inji ta biyo ta, abin ya yi nisa. Jar fitila na nufin a tsaya a kira makaniki. A manyan motoci akwai wata fitila mai hoton ma'aunin zafi da hayaƙi, wadda ke sanar da cewa ana cikin ƙonawa kuma bakin salansa na da zafi sosai. Ita ba alamar lalacewa ba ce, gargaɗi ne. Sauran alamomin sun haɗa da ralanti da ya ɗan hau da kansa, fanka na ta juyawa bayan an tsaya, warin ƙuna, ƙaruwar shan mai, raguwar ƙarfi a hawa, da farin gari a kewayen injektar AdBlue.

Abin da ya kamata a yi

Idan babu marar lafiya a ciki kuma ba a amfani da famfo, a kashe inji. Injin zamani ba ya buƙatar dogon ɗumi da safe. Bayan doguwar tafiya ko aiki mai nauyi, minti 3 zuwa 5 sun isa turbo ya huce. A nemi inuwa ko rumfa wurin ajiye ambilans, domin a rage buƙatar kilim. Inda akwai wutar NIGELEC ko ta hasken rana a gareji, a sanya caja da za a riƙa jona motar, batir ya kasance cike ba tare da inji ya yi aiki ba. Batir na biyu da aka ware wa kayan aikin likita, tare da faranti mai zuƙar hasken rana a rufin mota, na rage awoyin ralanti sosai.

Idan tsayuwa da inji ta zama dole, a yi amfani da babban ralanti, wanda ke ɗaga juyawar inji zuwa wajen 1000 ko 1200 a minti. Yawancin ambilans da motocin kashe gobara na da maɓallinsa. Yana ƙara zafin hayaƙi, yana sa dinamo caji da kyau, kilim ma ya fi sanyi. Ba ya kai zafin ƙone kunkunniya, amma yana rage taruwar ɗanyen mai.

Motar da aikinta na cikin gari ne, a tsara mata fita a kai a kai, ta yi minti 30 zuwa 40 a kan kwalta da gudu daidaitacce, sama da kilomita 60 a awa. Ambilans da ke kai marasa lafiya daga Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 240 a hanyar ƙasa mai lamba 1, tana samun wannan wankin da kanta. Wadda ke zirga-zirga tsakanin unguwa da asibiti ce ke cikin haɗari.

Idan fitilar matata ta kama, a yi ƙonawar tsaye tun tana matakin farko, a lokacin da aka zaɓa, ba a jira ta zo a tsakiyar kira ba. A yi ta a fili, nesa da busasshiyar ciyawa, kara, rumfar zana, jarkar mai da kwalaben oksijen, domin hayaƙin da ke fita na iya tada gobara. Motocin kashe gobara na da maɓallin dakatar da ƙonawa domin wuraren da zafin ke da haɗari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a danna shi a manta, matata ta cika ba a sani ba.

Ga shugabannin gareji, a riƙa rubuta awoyin inji tare da kilomita, a gajarta tazarar canjin baƙin mai, a duba filtar iska akai-akai lokacin ƙura. Kada a bar inji na aiki cikin rufaffen gareji ko a jikin tagar ɗakin marasa lafiya, domin ko mota mai matata, hayaƙinta ba abin shaƙa ba ne.

Batun cire matata

Makanikai da dama, idan matata ta toshe kuma sabuwa ta yi tsada ko babu ita a kasuwa, sukan fasa tangaran ɗin su sauya lissafin kwamfuta. A Faransa wannan laifi ne da tararsa ke kaiwa Yuro 7.500, a Amurka ma doka ta hana. Ko a inda ba a bincike, abin na da farashi: motar za ta koma fitar da kunkunniyarta duka a ƙofar asibiti, kuma sauyin kwamfutar da ba a yi daidai ba na iya barin ta tana ci gaba da fesa ƙarin mai, baƙin mai ya tsinke, inji ya lalace.

Shi ya sa tambayoyin da suka fi amfani su ne waɗanda ake yi kafin mota ta iso. Shin tana da FAP da SCR? Ina za a samu AdBlue da baƙin man da ya dace, a Tawa ko a Damagaram ba a Yamai kaɗai ba? Akwai makanikin da ke da valiz ɗin da ke karanta ta? An kunna mata tsarin motocin agaji da ke hana raguwar ƙarfi? An horar da direbobinta kan ma'anar fitilun tablo? Magajin gari ko shugaban asibitin da ya samu amsar waɗannan kafin ya sa hannu a takardar karɓa, ya fi kusa da samun motar da za ta tashi duk lokacin da aka kira lamba 15 ko 18.